Badamagaren da Ya Kai wa Teku Ruwa

Duk faɗin unguwar Jaradiya, in kana neman mutumin da zai fita sayen burodi a bakin layi ya ɗauki igiya da jarkar ruwa, to ka tambayi gidan Mamane. Ƙofarsa na kallon tamu, ni ina zaune wajen ɗana, shi da iyalinsa, tun yaran da ake goyo a layin nan har ga shi sun fara gemu. Badamagare ne, ni kuwa Bakanuwa, don haka tsakaninmu ba a gaisuwar arziki. "Bawana" nake ce masa. Shi kuma ya rusuna kamar mutumin kirki ya ce, "Hajiya Tabawa, an tashi lafiya? Yau wa za a cuta a kasuwa?" Wasan kakanninmu ne, mun ƙullo shi a bakin zani mun kawo Riyad, ba wanda ya tambaye shi iƙama, wato takardar izinin zama.

A wani ƙauye gabas da Damagaram aka haife shi, inda in ka leƙa rijiya duhu kawai za ka gani. Yana yaro bai san ruwan da ya wuce cikin randa ba, sai in damina ta cika tafki, shi ma ba ya kusantarsa don uwarsa ta ce masa akwai mai jan ƙafa a ciki. Da ya tasa sai ya bi manyan motoci, karen mota, hanyar Agadas har can cikin Sahara inda babu kwalta, babu itace, babu wanda za ka tambaya hanya. A can aka yi masa tarbiyyar da har yau ba ta sake shi ba. In mota ta kafe a rairayi sai su diro, su haƙe gaban taya, su shimfiɗa mata ƙarafa masu faɗi. Ta hau ta wuce, su ruga su ɗauko na baya su kai gaba. Haka za su wuni, mota na tafiyar hawainiya, su suna gudu. Ya taɓa ba ni labarin tafiyar da ruwansu ya ƙare har suka tsiyayi na lagireto suka sha. Bai yi wa labarin ado ba, ya dai ce tun daga ranar bai ƙara yarda da kalmar "ai kusa ne" ba.

A nan direba ne a wani shagon kafet da darduma da kayan kashta. Kashta kuwa ita ce fitar da mutanen ƙasar nan suke yi lokacin sanyi: su bar gida mai kyau, su tafi daji, su shimfiɗa darduma a kan yashi, su dafa shayi, su zauna suna kallon babu. Mamane ne ke kai musu kayan. Gashinsa ya yi fari a kan wannan sitiyari, kuma ban taɓa jin an ce ya bar wani a hanya ba. Ni kaina shaida ce. Ɗana yana fita ofis can unguwar Ulaya tun da sassafe, to duk ranar ganin likitan gwiwata Mamane ne ke satar lokaci ya kai ni, ya jira, ya dawo da ni, ina zaginsa tun daga ƙofa har ƙofa saboda jarkar da ya cusa mini a ƙarƙashin ƙafa. Ba zan yabe shi a gabansa ba, kada kansa ya kumbura, amma Allah ya sani.

Matarsa Lailatu ita ce ƙawata. Mace ce da Allah ya yi wa jiki, ya yi wa dariya, in ta ƙyalƙyale har na bene na uku sai sun leƙo. Furarta ce ta riƙe Hausawan unguwar nan a watan azumi. Sai dai akwai ta da kunya irin ta mutanen da. Shekarun nan duka ban taɓa jin sunan Mamane a bakinta ba, "shi" take cewa, ko "mai gidan". In yana tsakar ɗaki ba ta cin abinci a gaban baƙo. Bara waccan hawan jini ya kayar da ita a kicin, ɓarin hagu ya mutu, harshe ya yi nauyi, ta koma keken marasa lafiya. Na san Mamane ne ke ɗaga ta, shi ke kwantar da ita, amma sai ya tura ƙofa ya sa sakata tukuna, ko da autarsu Nazira ce kaɗai a gidan.

Da abin ya ƙi sauƙi sai aka yanke shawarar ta koma Damagaram wajen babbar 'yarta, inda akwai hannaye da yawa. An sa rana. Wata la'asar ina zaune ina taya ta tsintar shinkafa da hannunta mai rai, talabijin na nuna teku, sai ta tsaya tana kallo. Ta ce, a hankali yadda harshen ya bar ta, "Hajiya, ta tagar jirgi kawai na gan shi. Zan koma inda babu shi. Da dai na sa ƙafa."

Ba da ni take ba, ni ma na sani. Mai gidan yana bayan labule yana alwala. Ashe ya ji ta. Washegari ya roƙi kafil ɗinsa, wato ubangidansa mai shagon, aron ƙaramar bas ɗin shago da hutun ranar Asabar, ya zo ya tsaya a ƙofata ya ce, "Hajiya, a shirya. Za mu kai ta gabas ta ga ruwa. Ana bukatar mace babba, ba a samu ba, sai ke."

Ranar Juma'a bayan la'asar aka fito da kaya bakin ƙofa. Nan aka yi yaƙin.

Nazira a nan aka haife ta, tana aiki a wani kantin turare, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa kamar an aro mata. Ita ce ta taɓa zuwa teku da ƙawayenta, saboda haka ta naɗa kanta shugaba. Ta fito da tawul, da baƙin tabarau, da silifas, da laima mai faɗin rumfar mai tsire, da akwatin ƙanƙara, da wani farin mai a kwalba.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

Ta ce, "Gwaggo, na rana ne. A shafa kada rana ta ƙona fata."

Na ce, "'Yar nan, ranar Kano ta gama aikinta a kaina tun uwarki ba ta yi haƙori ba. Abin da ya rage ba ya ƙonuwa. Amma zuba, ƙila a soya ƙwai."

Ni kayana na masu hankali ne: dambun nama, kilishi, fura da nono a cikin kula, goro, buta, man zafi, carbi, da zani na canji ga ni ga Lailatu. Abin da mutum zai ci, abin da zai yi salla, abin da zai rufe jiki. In akwai wani abin da ake bukata a duniya bayan waɗannan, ba a sanar da ni ba.

Sai ga bawana. Ya fito da tanti. Ya koma ya fito da buhun gawayi. Ya koma ya fito da shebur, da igiya, da famfon taya. Ya koma ya jawo wasu dogayen kafet ja guda biyu, ragowar yanka daga shago, kowanne a naɗe kamar gawa. Daga ƙarshe ya fara jero jarkokin ruwa, waɗanda shi yake kira bido, yana nishi.

Na dafa sandata na ce, "Mamane, tsaya. Ina za mu?"

"Teku, Hajiya."

"Me ke cikin teku?"

"Ruwa."

"To wannan fa? Gudummawa za ka kai masa? An ce maka ya yi gobara ne?"

Nazira ta riƙe kai. "Ya Baba, wallahi aib! Akwai baƙala, yani shago, a ko'ina, akwai famfo, akwai komai. Ba Sahara za mu ba."

Ya ce, "Hanyar da za mu bi mece ce, in ba Sahara ba? Don an shafa mata kwalta?"

Na ce, "To kafet fa? Ɗaurin aure za a yi? Ko kifaye ne suka yi oda?"

Ya ce, "Ba a sani ba."

Wannan ita ce amsarsa ga komai. Ba a sani ba. Da za ka tambaye shi dalilin da ya sa yake ɗaure da wuƙar yankan farce a maɓallin mota, haka zai ce.

Aka loda, aka loda, bas ta cika har rufi, sai aka waiga aka ga keken Lailatu a tsaye a bakin ƙofa ba inda zai shiga. Ita tana daga ciki tana jin mu, sai muka ji muryarta: "A bar ni, a kai kayan su gani." Na yi dariya har sai da gwiwata ta amsa. Mamane bai yi ba. Ya hau ya fara saukewa. Tanti ya sauka, gawayi ya sauka, shebur ya sauka yana kallonsa kamar ɗan da za a bari a gidan marayu. Ruwa ya rage rabi, sauran ya tura ƙarƙashin kujeru, wato ƙarƙashin ƙafata. Kafet kuwa da muka ce lallai a mayar, sai ya ce to. Da asuba da muka fito, ga su a ɗaure a kan rufin bas da igiyar nan. Na ce masa taurin kai dai a jininsu yake, shi ya sa har yau ba mu 'yanta su ba.

Muka kama hanyar Dammam gari na wayewa. Yashi dama, yashi hagu, raƙuma can nesa suna kallonmu kamar sun san Mamane. Ni da Nazira muka sa Lailatu a tsakiya, na riƙa tura mata dambu a baki ina ba ta labarin mutanen layinmu ɗaya bayan ɗaya, wanda na sani da wanda na ƙara. Kafin azahar iska ta canja, ta yi nauyi, ta ɗauko wani wari kamar na kasuwar kifi da aka share. Muka karya wata kwana, sai ga shi.

Na yi yawo a duniya, na ga gada, na ga bene mai taɓa gajimare, bakina bai taɓa mutuwa ba. Ranar ya mutu. Abu shuɗi, shimfiɗe, ba ƙarshe, sama ta sauko ta kwanta a kansa. Lailatu ta kama hannuna ta matse. Mamane ya kashe mota ya ce "Subhanallahi" sau ɗaya.

Wurin da Nazira ta kai mu ana ce masa Rabin Wata. Akwai wajen ajiye motoci, da ɗan gini na siminti da ya hana mota wucewa, daga nan sai yashi. Ruwan kuwa ya ja baya, can nesa, wai haka yake yi kullum, ya tafi ya dawo kamar mai zuwa kasuwa. Muka taimaka wa Lailatu ta dafa mu ta juya ta zauna a kekenta. Nazira ta tura. Taya ta bar siminti, ta shiga yashi, ta nutse. Ta ja baya, ta sake turawa da ƙarfi, keken ya karkata har uwar ta yi salati. Mamane ya karɓa. Ya tura, ya ja, ya ɗaga gaba, yashin nan laushi gare shi kamar garin tuwo, Lailatu kuma ba 'yar tsana ba ce. Ya tsuguna ya danna tayar da yatsa ko zai rage mata iska, ya tarar roba ce zalla.

Ya miƙe ya matso kusa da kunnenta, ya yi ƙasa da murya, amma ni kunnena bai tsufa ba. "Bari in ɗauke ki. Ba nisa."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "A gaban 'yata?"

"Mama, khalas, ba komai!" in ji Nazira. "Kowa na yi a nan."

"A gaban Hajiya? Ga mutane?"

Na ce, "Ke Lailatu, ni zan juya baya in rufe ido. Abin da ban gani ba a duniyar nan bai fi a ƙirga ba, wannan ba ya ciki."

Ta girgiza kai. Ni da Nazira muka gwada kama ta a tsakaninmu, ko ɗaga ta ba mu yi ba gwiwata ta ce in na ƙara za a koma da marasa lafiya biyu. Lailatu ta dubi ruwan can nesa, ta daɗe, sannan ta ce, "Na gani. Ya isa. Alhamdu lillahi." Ta juya fuska wajen motoci. Na san wannan muryar. Muryar mace ce da ta saba cewa ta ƙoshi don tuwon ya isa yara.

Raina ya ɓaci, na juya in sauke shi a kan Mamane, sai na ga ba ya nan. Yana kan rufin bas yana kwance igiya.

Ya sauko da kafet ɗin nan, ya ɗaga gaban keken ya cusa bakin ɗaya a ƙarƙashin taya, ya shure shi da ƙafa ya warware, ja wur a kan farin yashi, ya miƙe wajen ruwa. Ya warware na biyu a gabansa. Ya tattake su. Sannan ya kama keken ya tura, keken ya tafi sumul kamar a falon otal.

"Nazira!" Muryar da ya yi ban taɓa jin ta ba, muryar saurayi ce a kan hanyar Agadas. "In na hau na gaba, naɗe na baya ki kai gaba. Yalla!"

'Yar kantin turare ta cire tabarau, ta tattare abaya, ta zama karen mota. Ta ja, ta ruga, ta shimfiɗa, ta dawo. Uban na turawa yana ba da umarni, ni ina biye a kan jan kafet da sandata kamar matar gwamna ta zo buɗe asibiti, ina gaya musu inda ya karkace. Mutane suka bar shayinsu suna kallo. Wata tsohuwar Balarabiya da ke zaune a kan dardumarta ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa irin tasu, ta ce, "Masha Allah, arusa!" wato amarya. Lailatu ta dunƙule cikin mayafi, kafaɗarta mai rai na rawa. Dariyar nan ce da muka daɗe ba mu ji ba, ta fito a karkace, amma ita ce.

Da muka isa jiƙaƙƙen yashi sai Mamane ya tsaya. Ruwa na zuwa ya lashi ƙasa ya koma. Saura shimfiɗa ɗaya, kuma dole a cikin ruwan za a yi ta, dole wani ya shiga ya take bakin kafet ɗin don kada igiyar ruwa ta naɗe shi. Na dubi bawana, na ga goshinsa ya jiƙe, ba kuma zafi ake ba.

Na ce, "Au! Mai jan ƙafa?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi wa Allah ki yi shiru."

Ya cire takalmi, ya jera su kamar a ƙofar masallaci. Bai ko naɗe wando ba. Ya ja kafet ya shiga, yana karanta duk addu'ar da ya sani, na rantse har ta shiga kasuwa na ji. Ruwa ya kai masa ƙwauri, ya tsaya ya take, ya ƙame kamar turke, idonsa a sama. Ya ce, "Turo ta."

Nazira ta tura. Na tsuguna, ban san yadda aka yi gwiwar ta yarda ba, na cire wa Lailatu safa, na sauke ƙafar dama, na ɗauki ta hagu da hannu biyu na ajiye. Ruwa ya zo ya rufe su har idon sawu.

Can na ce, "To, yaya?"

Ta ce, "Mai ran ta ce akwai sanyi. Ɗayar ba ta ce komai ba." Ta ɗan nisa. "Amma ta shiga."

Don kada a ga idona, na kamfaci ruwan da tafi na kai baki. Wayyo! Na tofar, na sake tofarwa. Na ce wace marar tarbiyyar ce ta zuba wa miyar nan gishiri haka? Maƙogwarona ya kama wuta, famfon da Nazira ta yi alkawari kuwa yana can bayan motoci. Mamane ya fito daga ruwa da sauri fiye da yadda ya shiga, ya tafi, ya dawo da jarka a kafaɗa. Ya tsaya a kaina.

"Hajiya, na teku za a ƙaro, ko na bawa?"

Na ce, "Zuba mini, ɗan banza, Allah ya yi maka albarka."

Da ruwan nan na kurkure baki, da shi muka yi alwala, da shi aka ɗauraye ƙafafun Lailatu da gishiri ya fara yi wa fari, da shi ya wanke tayoyin keken don kada su yi tsatsa. Muka kafa laimar Nazira, ta yi amfani, ban hana ta haƙƙinta ba. Muka sha fura muna kallon ruwa na matsowa. Har man ranar na shafa a gwiwa, bai yi komai ba.

Da za mu tashi, Mamane na tsaye dab da keken yana naɗe igiya, Lailatu ta dubi teku ta ce, "Hajiya, a ce masa an gode."

Na ce, "Bawana, an ce an gode."

Bai ɗago ba. Ya ce, "A ce mata Allah ya ƙara sauƙi."

Yanzu tana Damagaram. Da ake haɗa mata kaya an bar tukwane, an bar bargo, amma kafet ɗin nan biyu sai da suka hau jirgi, don tsakar gidan 'yarta yashi ne. Ta aiko mini da saƙon murya ta ce kullum da hantsi ana shimfiɗa mata su daga ƙofar ɗaki zuwa inuwar bedi, wato darbejiya, in ta hau na gaba a ɗauko na baya, kuma har yau in an kakkaɓe su farin yashi na zuba.

Mamane yana nan, yana jiran ya ƙarasa shekarar aikinsa ya bi ta. Jiya ma shi ya kai ni asibiti. Na shiga mota na tarar da jarka a inda zan sa ƙafa, na ce masa asibitin a bayan layi yake, ba Agadas ba.

Ya ce, "Ba a sani ba."

Na ɗora ƙafata a kanta muka tafi.